Na cire gilashin VR, sai na ji hannuna kamar na wani

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Kwanan nan na fara amfani da gilashin VR, wanda ake sawa a fuska mutum ya ji kamar yana cikin duniyar da kwamfuta ta zana, nakan yi awa ɗaya ko biyu a zama guda. Abin da ya dame ni shi ne, idan na cire shi na kalli hannayena sai in ji kamar ba nawa ba ne, kamar an ɗora mini su. Wani lokaci kuma ina cikin wasan, idan wani ya kai hannu fuskata sai tsikar jikina ta tashi a daidai wurin, alhali babu wanda ya taɓa ni. Shin abin nan yana lalata ƙwaƙwalwa ne? Kuma zai iya canza yadda mutum yake ganin jikinsa har abada?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka tukuna. Abubuwa biyun da ka faɗa sanannu ne a wurin masu binciken ƙwaƙwalwa, kuma babu ɗaya a cikinsu da yake alamar lalacewa. Hasali ma suna nuna cewa ƙwaƙwalwarka tana yin aikinta ne, kuma da sauri. Tambayarka ta ƙarshe, ta "har abada", ita ce mai nauyi, kuma ba za ta amsu ba sai mun fara kawar da wani zato da kusan kowa yake da shi.

Zaton shi ne mutum ya san jikinsa kai tsaye, kamar abu ne da aka miƙa masa a kammale tun ranar haihuwa. Ba haka abin yake ba. Ƙwaƙwalwa tana kulle a cikin ƙoƙon kai, ba ta taɓa ganin hannunka ba. Abin da ke isowa gare ta saƙonni ne: na ido, na fata, na wasu ƙananan jijiyoyi da ke cikin tsoka da gaɓoɓi masu ba da labarin yadda kowace gaɓa take a lanƙwashe, na can cikin kunne inda ake auna tsayuwa da juyawar kai, da na cikin jiki irin su bugun zuciya da numfashi. Ka ɗauke ta kamar alƙalin da bai halarci wurin da abu ya faru ba. Shaidu yake saurara, ya duba waɗanda bakinsu ya zo ɗaya, ya yanke hukunci: wannan hannun nawa ne, yana nan, girmansa kaza. Kuma ba sau ɗaya yake yankewa ya huta ba, kowace daƙiƙa sabon zama ne.

Don ka ga muhimmancin shaidun nan, akwai wani mutumin Ingila, Ian Waterman, wanda labarinsa ya shahara a littattafan likitanci. A 1971, yana ɗan shekara 19, wata rashin lafiya ta kashe masa jijiyoyin da ke kai labarin taɓawa da matsayin gaɓoɓi daga wuya zuwa ƙasa. Bai shanye ba, tsokokinsa lafiya lau, amma idan bai kalli ƙafarsa ba bai san inda take ba. Da ido ya sake koyon zama da tafiya, yana sa ido a kan kowane motsi, kuma idan wuta ta ɗauke ba zato sai ya zube ƙasa. Abin da kai da ni muke samu kyauta ba mu ma lura ba, shi da lissafi yake samunsa.

To, idan shaidun suka saɓa fa? A nan ne labarin VR ya samo asali, tun kafin gilashin ya shiga hannun jama'a. A 1998 wasu masu bincike biyu a Amurka, Matthew Botvinick da Jonathan Cohen, suka wallafa wani gwaji mai sauƙi ƙwarai. Za a zaunar da kai a gaban tebur, ka ɗora hannunka na hagu, a sa katanga ƙarama ta ɓoye maka shi. A gabanka, inda za ka iya gani, a ajiye hannun roba. Mai gwajin ya riƙe ƙananan buroshi biyu, yana shafa ɗan yatsanka na gaske da ɗaya, yana shafa ɗan yatsan roba da ɗayan, a lokaci guda kuma a wuri guda. Kana kallon buroshi yana bin bayan yatsan roba daga gaɓa zuwa farce, kana jin shafar a fatarka. Sau da yawa ba a kai minti ɗaya ba sai ka ji shafar tana fitowa daga robar. Idan aka ce ka rufe ido ka nuna inda hannunka na gaske yake, sai ka nuna wurin da ya karkata zuwa ga na robar. Idan aka kawo allura kamar za a soki robar, sai gabanka ya faɗi, gumin tafin hannunka ya ƙaru, kuma ana iya auna wannan da na'ura. Ka san sarai roba ce, babu wanda ya yaudare ka, amma sanin bai hana ba. Ido ya ce ga inda ake taɓawa, fata ta ce tabbas ana taɓawa kuma a daidai wannan lokacin, jijiyoyin gaɓoɓi ne kaɗai suka ce a'a, hannun yana can gefe. Biyu suka rinjayi ɗaya. Gani ya kori ji.

Sharaɗin kuwa shi ne lokaci. Idan shafar roba ta yi jinkiri a kan ta fata da abin da ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa, sai abin ya fara warwarewa. Haka kuma idan aka juya robar ta fuskanci inda hannun mutum ba zai iya fuskanta ba, ko aka sa katako a madadinta.

Gilashin VR wannan dabarar ce aka faɗaɗa ta ta mamaye jiki gaba ɗaya, kuma ya fi hannun roba ƙarfi nesa ba kusa ba. Na farko, ya rufe maka jikinka na gaske ruf, babu ko ɗan yatsa da zai leƙo ya ƙaryata. Na biyu, kana kallon jikin aro ne, wato wanda kwamfuta ta zana maka, daga inda idanunka suke: ka sunkuya ka ga ƙirji da ciki da ƙafafu a inda ka saba ganin naka. Na uku, wanda a ganina ya fi sauran, jikin yana bin umarninka. Ka ɗaga hannu ya ɗaga, ka murɗa wuyan hannu ya murɗa. Hannun roba a kwance yake kawai, wannan kuwa yana amsawa. Shi ya sa masu ƙera na'urorin nan suke fafutukar ganin jinkirin da ke tsakanin motsin kai da sauyawar hoto bai wuce kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa ba.

Henrik Ehrsson na Cibiyar Karolinska da ke Suwidin da abokiyar aikinsa Valeria Petkova sun nuna iyakar da abin zai iya kaiwa a 2008. Suka ɗora kyamarori biyu a kan wani mutum-mutumi irin na shagon tufafi, suna kallon ƙasa, suka haɗa su da gilashin da mutum ya sa. Ya sunkuyar da kai, ya ga cikin mutum-mutumin a madadin nasa. Aka riƙa shafa cikin biyun tare da sanda. Bayan ɗan lokaci aka ja wuƙa a kan cikin mutum-mutumin, jikin mai gilashin ya amsa da tsoro. A wani ɓangaren gwajin aka mayar da kyamarorin kan wani mutum mai rai, suka tsaya suna fuskantar juna suka gaisa, mai gilashin ya ji kamar yana cikin jikin wancan yana musabaha da kansa. Shekara guda kafin haka, a 2007, Ehrsson da kuma ayarin Olaf Blanke a Suwizalan, kowa da nasa gwajin, sun sa mutane sun ji kamar sun goce daga inda jikinsu yake, ta hanyar nuna musu bayansu daga kyamarar da ke tsaye a baya.

Daga nan sai masu bincike suka shiga jan abin su ga inda zai tsinke. A ɗakin gwajin Mel Slater a Barselona, a 2012, aka riƙa tsawaita hannun aro a hankali mutum yana kallo. Har ya kai ninki uku na tsawon hannun gaske mutane suna jin nasu ne, sai a ninki huɗu abin ya fara rauni. A Landan an sa wa mutane jela a 2013, suna sarrafa ta da motsin ƙugu, suka koya, har suka riƙa jin tsoro idan aka yi mata barazana. An gwada hannu na uku. An gwada musanya hannu da ƙafa, mutane suka saba cikin mintuna.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu duka shi ne na girman jiki, domin ya tona wani abu da ba mu lura da shi ba: da jikinmu muke auna duniya. A 2011 ayarin Ehrsson suka sa mutane a jikin 'yar tsana mai tsawon santimita 30, da wata mai 80, da wani ƙaton jiki mai mita 4. Waɗanda ke cikin 'yar tsanar ba su ce "na ƙanƙance" ba. Cewa suka yi ɗakin ya yi girma, kayan ciki sun yi nisa, ɗan yatsan da ke taɓa su na wani ƙato ne. A ƙaton jikin kuwa komai ya koma ƙarami kuma kusa. A 2013 Domna Banakou da Slater suka ƙara wa abin gishiri. Wasu manya aka sa su a jikin yaro ɗan shekara 4, wasu kuma a jikin babba da aka rage masa girma ya zama daidai tsawon yaron. Tsawo ɗaya, idanu a wuri ɗaya. Duka sun ga abubuwa sun fi ainihin girmansu, amma na jikin yaron sun fi kambama girman sosai. Ke nan ba tsawon kaɗai ƙwaƙwalwa ta karanta ba, ta karanta har da irin jikin da aka ba ta. Da aka lalata daidaiton motsi, jikin ya daina bin mai shi, sai bambancin ya ɓace.

Yanzu mu dawo kan hannunka. A cikin gilashin, hannun aro ba ya taɓa zama daidai da naka ɗari bisa ɗari. Yana iya gocewa da santimita kaɗan, ya fi naka tsawo ko gajarta, ya yi ɗan jinkiri, ba ya da nauyi, yana ratsa bango, kuma a wasanni da yawa tafi ne kawai yake shawagi babu damtse. Ƙari a kan haka, mutane sukan ga nisa ya gajarta a cikin VR. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2013 ya samu cewa a matsakaici mutane suna kimanta nisa da kusan kashi uku cikin huɗu na ainihinsa, ko da yake sababbin na'urori sun rage wannan giɓin. Sannan akwai wahalar ido: allon yana tilasta wa ƙwayar ido ta tsaya a kan nisa guda, tsakanin mita ɗaya da biyu, alhali idanun biyu suna juyowa ciki su kalli abin da ke dab da hanci. A duniyar gaske waɗannan biyun tare suke tafiya. Awa biyu kana cikin wannan hali, ƙwaƙwalwa ba za ta zauna tana gardama ba, sai ta gyara lissafinta ya dace da sabon yanayin. Da ka cire gilashin, lissafin da ta gyara ya zama shi ne kuskure. Hannun gaske ya dawo da nauyinsa da gashinsa da jijiyoyinsa, yana motsi ba tare da jinkirin da ka saba da shi ba, sai ya zama baƙo na ɗan lokaci.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun ƙarni na 19 aka san cewa idan aka sa wa mutum tabarau mai karkatar da gani gefe, da farko zai riƙa kai hannu yana kuskure, bayan ɗan lokaci ya daidaita, da an cire kuma sai ya koma kuskure ta ɗaya gefen kafin ya dawo daidai. George Stratton ma a shekarun 1890 ya yi kwanaki sanye da tabarau mai kifar da duniya, sama ta koma ƙasa, ya fara sabawa, ya cire, ganinsa ya dawo yadda yake. Saurin da ya sa ka karɓi hannun aro, shi ne zai sa ka sake karɓar naka, tunda jikin gaske yana da dukkan shaidu a bayansa, kuma dare da rana suna magana. Masu bincike a Jami'ar Bonn ta Jamus sun gwada wannan kai tsaye, suka wallafa a 2022: wasu suka yi wasa da gilashin VR, wasu suka yi shi a allon kwamfuta. Na gilashin sun fi jin baƙuntar jiki da ta duniya da zarar sun gama, amma abin bai ɗore ba.

Tsikar jikin da ke tashi idan an kai hannu fuskarka kuwa, masu zama da yawa a dandalin hira na VR sun daɗe suna ba da labarinta: wani ya ji ɗumi, wani ƙaiƙayi, wani kamar iska ta shafe shi. Ƙwaƙwalwa ba ta jiran a taɓa ka kafin ta shirya. Akwai ƙwayoyin jijiya da ke sa ido a kan sararin da ke dab da fata, musamman kewayen fuska da hannu, suna amsa abin da aka gani yana matsowa kamar yadda suke amsa taɓawa. Tunda ka riga ka karɓi jikin aro, wannan shingen ya koma kewaye da shi. Sauran kuma tsammani ne yake cikawa.

Maganar tsammani ta kawo ni inda dole in rage wa labarin nan armashi, don ba duk abin da aka buga a jarida ne ya tsaya da ƙafafunsa ba. A 2020 Peter Lush da abokansa a Jami'ar Sussex suka gwada mutum 353, suka samu cewa waɗanda suka fi saurin karɓar shawarar da aka cusa musu, irin wadda ake amfani da ita wajen sa mutum barcin sihiri na likitanci, su ne suka fi ba da rahoton jin hannun roba nasu ne. Suka kuma nuna cewa mutane suna iya hasashen amsar da mai gwaji yake so tun kafin a fara. Ehrsson bai yarda da fassararsu ba, an yi ta musayar martani a rubuce. Ni dai abin da na ɗauka shi ne duka biyun suna nan: akwai haɗuwar saƙonnin ido da fata ta gaske, akwai kuma rabon da tsammanin mutum yake ƙarawa, kuma rabon ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Shi ya sa abokinka zai sa gilashi ɗaya da kai ya ce shi bai ji komai ba. Akwai ma mutanen da gwajin hannun roba ba ya kama su sam. Wani sakamakon da ya yi tashe a 2008, cewa hannun gaske yana yin sanyi idan mutum ya karɓi na roba, da wasu suka sake gwadawa da mutane masu yawa ba su same shi ba.

Irin wannan taka-tsantsan nake yi da batun canjin hali. A 2007 Nick Yee da Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford suka nuna cewa wanda aka ba jikin aro dogo ya fi tsaurin ido wajen rabon kuɗi, yana ware wa kansa kaso mai tsoka, wanda aka ba gajere kuma ya fi saurin amincewa da rabon da aka cuce shi. Daniel Freeman na Oxford ya sa mata 60 sun hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan a cikin VR sau biyu, a ɗaya aka rage musu tsawo da santimita 25 ba a gaya musu ba. Yawancinsu ba su ma lura ba, amma a wannan hawan sun fi jin kansu ƙasa da sauran fasinjoji, sun fi zargin ana kallonsu da mugun nufi. Waɗannan sakamako ne masu ma'ana. Amma dubi na launin fata: a Barselona a 2013 an samu cewa sa mutum farar fata a jikin aro na baƙar fata ya rage son zuciyar launin fata da ke ɓoye a ransa, alhali wani gwaji a Stanford a 2009, da aka yi shi a sigar ganawar neman aiki, ya samu akasin haka, abin ƙaruwa ya yi. Jikin aro ba ya zuwa da hali a aljihunsa. Abin da mutum ya riga ya ɗauka game da masu irin wannan jikin shi yake tasowa, kuma yanayin da aka sa shi a ciki shi ke juya akalar.

To ga inda amsar "har abada" take. Abin da muke kira ganin jiki abu biyu ne da aka cakuɗa. Akwai awo: faɗin kafaɗata kaza, hannuna yana nan, zan iya wucewa ta wannan ƙofar. Akwai kuma hukunci: jikin nan ya yi mini ko bai yi ba. VR gwani ne wajen lanƙwasa na farko, cikin daƙiƙoƙi, amma lanƙwasar ba ta daɗewa. Na biyun kuwa ba a ido yake zaune ba, kuma shekaru ne suka gina shi.

Babu inda wannan ya fito fili kamar binciken cutar anoreksiya, wadda mai ita yake ƙin cin abinci yana ramewa har rayuwarsa ta shiga haɗari, yana kuma jin cewa ya yi ƙiba. A 2016 Anouk Keizer da abokan aikinta a Utrecht ta ƙasar Holan suka sa mata 30 masu wannan cuta a jikin aro mai matsakaicin nauyi. Kafin gwajin suna kimanta faɗin kafaɗa da ciki da ƙugunsu fiye da yadda yake. Bayan gwajin kuskuren ya ragu, kuma da aka sake aunawa bayan sama da awa biyu ragin yana nan. Labari mai daɗi, ya nuna awon ba a daskare yake ba ko a wurin masu wannan cuta. Sai kuma a 2018 Simone Mölbert da ayarinta a Tübingen ta Jamus suka zo ta wata hanyar. Suka ɗauki hoton jikin kowace mace da na'ura mai auna dukkan kusurwoyi, suka ƙera mata jikin aro mai kama da ita sak, suka riƙa ƙara masa nauyi ko ragewa har zuwa kashi 20 cikin ɗari. Aka tambayi kowacce: wanne ne jikinki? Masu cutar suka nuna nasu kusan daidai da yadda masu lafiya suka nuna. Da aka ce wanne kike so ya zama naki, a nan hanya ta rabu: suka zaɓi wanda ya fi su rama, alhali sun riga sun rame ƙwarai. Idonsu yana gani daidai. Abin da suke so ne ya kauce.

Saboda haka idan wani ya ce maka gilashi zai warkar da ƙin jiki a zama uku, ka riƙe kuɗinka. Idan wani kuma ya ce zai sa ka manta siffarka ta gaske, shi ma ya wuce gona da iri. Abin da ni nake sa wa ido ba ruɗin ido ba ne, kwatance ne. Mutumin da dama bai gamsu da jikinsa ba, ya samu inda zai zauna awa huɗu kullum a jikin da ya zana da kansa, siriri ko murɗaɗɗe, fata sumul, jama'a suna yaba shi a haka, sannan ya cire gilashi ya haɗu da madubi. Awonsa zai dawo daidai cikin mintuna. Ratar da ke tsakanin jikin da yake da shi da wanda yake so ita ce za ta iya faɗaɗa, kamar yadda aka sha gani da hotunan da ake gogewa a kafafen sada zumunta, sai dai wannan karon ba kallon hoton ya yi ba, zama ya yi a cikinsa. Yawancin gwaje-gwajen da na lissafa maka na mintuna ne, zama ɗaya ko kaɗan, da mutane 'yan gommai. Masu amfani na gaske kuwa watanni suke yi.

Inda lanƙwasa awon ya zama alheri ƙarara shi ne ciwo, domin ciwo ma hukunci ne da ƙwaƙwalwa take yankewa bisa shaidu. Wanda aka yanke wa hannu yakan ci gaba da jin hannun, wani lokaci a dunƙule yana masa azaba. A tsakiyar shekarun 1990 V. S. Ramachandran ya sa irin waɗannan mutane su ajiye hannunsu mai lafiya a gaban madubi, hotonsa ya tsaya a gurbin wanda babu, suka "buɗe" shi, wasu suka samu sauƙi. A 2016 Max Ortiz-Catalan na Jami'ar Chalmers a Suwidin ya ɗauki marasa lafiya 14 da sauran magunguna suka gaza musu, ya manna wayoyi a dungun hannun suna karanta motsin tsoka, kwamfuta tana zana musu hannu a allo yana bin umarninsu. Bayan zama 12 ciwon ya ragu da kusan rabi, kuma sauƙin ya kai wata shida, ko da yake babu rukuni na biyu da aka kwatanta da shi. A Ostireliya kuma, a 2015, Daniel Harvie da abokansa suka sa wa masu ciwon wuya gilashi, suka ce su juya kai har sai sun ji zafi. Idan gilashin ya nuna musu juyawar ba ta kai yadda take ba, sukan ƙara kashi 6 cikin ɗari kafin zafin ya zo. Idan ya nuna ta wuce, zafin yakan riga zuwa da kashi 7. Wuya ɗaya, tsoka ɗaya, abin da ido ya faɗa ne kawai ya canza. A Nuwamban 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani shirin VR na rage ciwon baya mai daɗewa, wanda likita ke rubuta wa majiyyaci.

A aikace, ga abin da zan ce maka. Awa biyu a jere ta yi yawa ga sabon shiga, ka riƙa cirewa duk bayan minti 20 zuwa 30. Ka daidaita tazarar gilasan biyu da tazarar idanunka, yawancin na'urori suna da wurin yin haka, kuma ka tabbatar tsawon da na'urar ta ɗauka naka ne, don ƙasan da ta yi sama ko ƙasa da inda take tana rikita jiki fiye da yadda ake zato. Idan ka cire, ka ba hannun aikin da zai ji a fata: ka murza tafukanka, ka wanke su da ruwan sanyi, ka ɗaga wani abu mai nauyi kana kallonsa, ka ɗan taka. Kada ka kama tuƙi ko aiki da abu mai kaifi sai jiri da baƙuntar sun sake ka sarai. Jirin da tashin zuciyar su ma daga saɓanin shaidu suke, ido ya ce kana gudu, kunne ya ce kana zaune, kuma dagewa a kansu ƙara su yake yi. Yara kuwa ƙwaƙwalwarsu ba ta gama koyon haɗa saƙonnin nan ba, kuma kamfanonin da kansu sun sa iyaka: Sony ya ce ban da 'yan ƙasa da shekara 12, Meta ya daɗe a kan 13 kafin ya sauko zuwa 10 a 2023 bisa sharaɗin kulawar iyaye.

Idan baƙuntar ta kwana ta wuni ba ta tafi ba, ko ta fara zuwa maka a ranar da ba ka taɓa gilashin ba, ko ta zo da fargaba mai tsanani, ka ajiye na'urar ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Haka wanda dama yake fama da jin kamar ya rabu da jikinsa, ko yake da farfaɗiya, ko matsalar cin abinci irin wadda na ambata, ya nemi shawarar likitansa kafin ya fara. Idan kuwa abin ya zo da mutuwar ɓarin jiki, ko raunin hannu na gaske, ko karkacewar baki, ko harshe ya yi nauyi, wannan ba aikin gilashi ba ne, a tafi asibiti a take.